Baƙin Abin da ke Jikin Fanka

Hauwa: Salamu alaikum. Yaya Binta, ina wuni?

Binta: Lafiya.

Hauwa: Ya gida? Ya su Sa'ida?

Binta: Lafiyarsu ƙalau.

Hauwa: Ya Baban Sa'ida, ya shago?

Binta: Au, har kuna tambayarsa? Ai na ɗauka ɓarawo ne a gidanku.

Hauwa: Subhanallahi. Yaya, dama jiya na ji ƙanenki a soro yana tambayar wani, wai "Me aka cire mata a ciki?" Shi ne na ce bari in...

Binta: Ki ce bari ki ji tsegumi! Mijina ya baro shagonsa na gyara, ya wuni a kan tsohuwar kwamfutar sutudiyon mijinki saboda zumunci. Ya ƙara mata ram don ta daina nauyi, ya cire tsohon diski ya sa mai sauri, ya goge tarkacen da ke tashi da kansu in an kunna. Har cewa ya yi a riƙa kashe intanet in za a ɗauki murya. Sakayyar ita ce Abdulhakeem ya zauna a majalisar Gwammaja ya ce an musanya masa kaya?

Hauwa: Ransa ne ya ɓaci. Sau uku Malam Mikail yana zuwa ɗaukar waƙar bege, in an kai tsakiya sai muryar ta riƙa sarƙewa. Ya ce in Alhamis ba ta yi ba zai canza sutudiyo.

Binta: Ya canza mana! Halo? Kina jina?

Hauwa: Ina ji, Yaya.

Binta: Zafi ne ke kashe ta. Da Baban Sa'ida ya buɗe, fankar ciki ko juyawa ba ta yi sosai. Wani baƙin abu ne ya danƙare ta, mai danƙo. Ya goge tas. Yau sati biyu, ɗazu aka kawo masa ita, ya sake taruwa. Ya ce ba ƙura ba ce, hayaƙi ne.

Hauwa: Hayaƙi?

Binta: Hayaƙi! Ɗakin sutudiyon da Abdulhakeem ya liƙe da tsofaffin katifu, ko taga babu. Ke, ki faɗa mini gaskiya, me yake sha a ciki?

Hauwa: Wallahi ba ya shan komai!

Binta: Kin taɓa shiga?

Hauwa: Ya... ya hana kowa shiga.

Binta: To kin gani! Sigari ce ko shisha, ni gobe Hajiyarmu za ta ji. Ya ɓata sunan mijina, zan ga yadda zai wanke nasa.

Hauwa: Don Allah Yaya, Hajiya hawan jini gare ta. Ki ba shi sati ɗaya. In an sake buɗewa aka ga abin, ni da kaina zan raka ki.

Binta: Ke da ko kallon mutum ba kya iya yi? To sati ɗaya, kuma ya zo har gida ya ba da haƙuri. Af, turaren wutar da na haɗo miki fa, yana nan?

Hauwa: Ya... ya kusa ƙarewa.

Binta: Kwalba guda a wata biyu? Ci kike yi?

Hauwa: Ke kika ce kada in bar ɗaki ko ɗaya ba ƙamshi. Katifun nan wari suke yi, shi ne in ya tafi masallaci...

Binta: Me? Halo? Ɗaga murya, kina magana kamar mara lafiya! Wane masalla...

Hauwa: Na ce nakan ajiye kaskon a ƙarƙashin teburin, daidai inda kwamfutar take jan iska. Yaya? Halo? Yaya Binta? Ta katse. Alhamdulillahi. Kaskon nan ba zai ƙara shiga ɗakin ba, kuma ba wanda zai ji daga bakina.