Murfin Rijiyar Adjame

Assalamu alaikum. Mai girma Sarkin Hausawa shugaban wannan zama, Malam Liman, Sarkin Fawa, dattawan Adjame, 'yan'uwanmu da suka ƙetaro gada daga Treichville, iyayenmu mata da ke bayan zana, ina gaishe ku duka. Na gode da aka ba ni dama, ni Haladu mahauci, yayan Tsahara, wadda murfin rijiya ya rufta da ita, take kwance a hannun maɗori da karyayyen ƙugu.

An tara mu don a kori Kailu magini daga unguwar nan, wai ya cuce mu. Ƙanwata ce a kwance, kuma ni ne nake cewa ban yarda ba.

Da farko, Kailu bai ɓoye mana komai ba. Mu muka matsa masa ya samo simintin nan mai saurin kamawa, irin na shantiyen bakin ruwa, wato wurin manyan gine-ginen can, don muna son rijiya kafin azumi. Ranar da ya zuba kankaren murfin rijiyar, a gabanmu ya rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, ya ce: "Wannan siminti zafi gare shi. Za ku taɓa shi gobe ku ji kamar dutse, amma cikinsa bai nuna ba. Ku shayar da shi safe da yamma, kada buhun nan ya bushe." Muka ce mun ji, gida-gida aka ɗauki alkawari. Shi kuwa ya koma aikinsa a Treichville.

Na biyu, wa ya shayar? Mata ne suka yi ta ɗauko ruwa daga nesa, har suka ga babu namiji ɗaya da ya taya su, suka daina. Sannan aka wayi gari babu buhunan. Na gan su da idona a kasuwa, an ɗaure huhun goro da su. Ba zan kama suna ba, mai goron yana zaune a nan, yana jina. Rana ta gasa kankaren, ya tsattsage, muka shafe tsagar da laka, muka ce wa mata su ja ruwa.

Yanzu baƙo marar dangi za mu ɗora wa laifi, don shi ne ba mai tsaya masa? Wallahi in kuka kore shi, ku haɗa da ni.

Kailu ya ce zai sake zubawa. Tsahara kuwa ta aiko ni da saƙo: a ɗauke ta a tabarma a ajiye bakin rijiyar, ita za ta yi gadin buhunan, tunda maza masu ƙafafu sun kasa.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba mu kunyar juna, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.