Ƙugin Jita a Shagon Baba

A shagon Baba, tsoho mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, wani makaɗi ya jona jitarsa da lasifika. Ƙugi ya cika shagon kamar an tsokano gidan zuma.

"Baba, ka ji ko? Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti a jikin jitar kawai na ce ka gyara. Zuwana uku ke nan!"

"Ni ban ji komai ba. Lafiyarta ƙalau."

"Ƙalau? Na canja waya, na canja lasifika, har firij na kashe a gida. In na taɓa tsirkiya ya yi shiru, in na saki ya dawo. Gobe za a ɗauki waƙata ta farko, da wannan ƙugin zan je?"

"Da wa za ka je?"

Makaɗin ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya lura tun ɗazu motsin leɓensa tsohon yake kallo.

Baba ya ɗora tafin hannu a kan lasifikar, ya jima.

"Akwai shi," ya ce a hankali. "Wata waya ce ta saki a cikin jitar. Zauna, ɗana. Ni zan sa dalma, kai ka gaya mini in ya daina. Amma kada maƙwabta su san kunnena ya yi nauyi."