Bangon Otal Mai Huji Dubu

Mai girma shugaban taro, 'yan kwamitin gyara, sabon manaja, abokan aikina na da da na yanzu, jama'ar unguwa maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka miƙa wa tsohuwar mai wanki lasifika. Shekara talatin da huɗu ina wanke zannuwan gadon otal ɗin nan, ba a taɓa neman ra'ayina ba sai yau, don haka sai ku yi haƙuri da ni.

Yau za ku ɗaga hannu a kan bangon gabas, mai bulo huji-huji daga ƙasa har hawa na tara: a bar shi, ko a rufe shi da gilashi.

Na farko, tarihi. Mahaifina lebura ne lokacin ginin. Ya ce wadda ta zana shi, wata siririya mai tabarau, mako biyu ta yi tana tsayawa a fili tana ɗaga jiƙaƙƙen hankici, har magina suka ɗauka ta taɓu. Ashe hanyar iska take nema. Da ta samu, sai ta ɗora otal kan ginshiƙai, ta bar ƙasa fayau, ta huda bango. Da aka yi mata tsiya wai rariya ta zana, cewa ta yi: "Rana ta tsaya a waje, iska ta shigo. Aikina ke nan."

Na biyu, aibunsa, ba zan ɓoye ba. Tattabaru suna shiga, datti yana maƙalewa, ni kaina na sha zagin bangon nan da tsintsiya a hannu. Amma a bayansa nake shanya, zani ɗari ya bushe kafin azahar, kuma ban taɓa ganin baƙo a baranda yana fifita ba. Ina son bangon nan, in aka toshe shi zai yi mini ciwo.

Na uku, injiniyan kwamiti ya ce zamani ya wuce iskar Allah, sai na'urar sanyaya ɗaki. Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Tun kafin a buɗe taro na roƙi mai gyaran wuta, ƙanin mijina, ya kashe na'urar zauren nan, ya buɗe tagogin barandar da ke bayan bangon. Awa biyu ke nan muna zaune, kowa cikin kayansa masu nauyi. Wanda ya yi gumi a cikinku, shi zai fara ɗaga hannu a rufe bangon.

Allah ya ba kwamiti basira, ya raya wannan gida, ya mai da kowa wurin iyalinsa lafiya. Na gode.