Dutsen da Ake Lallaɓawa

A tashar mota, wata dattijuwa ta nemi zama kan akwatin wani saurayi.

"Mama, don Allah kar ki zauna nan. Duwatsu ne a ciki, za su farfashe."

"Ikon Allah! Yau kuma dutse ake lallaɓawa kamar ƙwai?"

"Na gwaji ne. Kamfaninmu yana ɗura iskar haidirojin, wani irin gas na makamashi, can ƙarƙashin ƙasa, cikin ƙananan ramukan dutse, a adana ta har ranar buƙata. Waɗannan daga wurin muka haƙo su. Taɓa wannan ki ji."

Ya buɗe akwatin ya miƙa mata ɗaya. Ta kankare shi da farce. Gari ya zubo mata a zane.

"Innalillahi! Iska ce ta yi wa dutse haka?"

"Yau a cika, gobe a zuƙe. Dutsen ya kumbura, ya sace, har ya gaji."

"A ina kuke wannan aika-aika?"

"Bayan tsohuwar masana'antar siminti."

"Ɗan nan, unguwarmu ke nan! Jikokina a kai suke kwana!"

"Kwantar da hankalinki, Mama, abin yana da zurfi sosai. Manyanmu sun ce ba abin da zai faru. Ni ma can aka haife ni, gidanmu na jikin famfo."

"Gidan mai ɗinki? Ai kullum a kulle nake ganinsa yanzu. Ina mahaifiyar taka?"

Saurayin ya rufe akwatin a hankali.

"Na ɗauke ta watan jiya."