Raken Bitrus a Watan Azumi

Mai gabatarwa, barka da aiki. Masu sauraro, ina tambaya: 'yancin Kirista shi ne shan rake gaban mai azumi?

Ni Yohanna ne, Sabon Garin Jega. Duk azumin bana a ɗaka nike cin abinci, don kunyar Baba Alhaji mai gidanmu. Amma Bitrus akawu, da muke haya gida ɗaya, da rana tsaka yake shan rake bakin titi, wai Almasihu ya 'yanta shi. Har Baba Alhaji ya ce mini, "Yohanna, addininku guda kuwa?"

Ran Lahadi kuma shi aka ba karatu a majami'a! Ni da na koya wa kaina karatu ina benci ina cizon yatsa.

Fasto, fito rediyon nan ka amsa: ni ko Bitrus, wa ya gane 'yancin?