Gamsheƙar da Za a Mayar Tuboro

A tashar Garwa, motar Tuboro ta ƙi cika. Achille, tsohon mai gadin gandun daji, ya gaji da toshe hanci, ya juya ga gardin da ke rungume da akwati kusa da shi.

"Malam, abin cikin nan wari yake."

"Gamsheƙa ce, Baba. Sau uku ke nan tana saɓa a wata guda, ƙurajen na dawowa. Idanunta sun yi fari, ko kwaɗo ta daina ci."

"Ciwon nan ɗan'uwan kyasbi ne, amma na macizai kisa yake. Ina za ka da ita?"

"Gida. Mu a wurinmu maciji ba ya mutuwa a akwati. Ramin da ka ɗauko shi, nan za ka mayar da shi, ka nemi gafararsa."

"Ka shafa wa 'yan'uwanta ke nan. Ciwon yana zama a ƙasa."

"Haba, Baba! Ramin da ma ya lalace. Ita ma da tabonta na kamo ta."

"Kafin ita, ka taɓa mayar da wata?"

Gardin ya dubi akwatin.

"Uku. Ta farkon lafiya lau na kamo ta, a akwatin nan ta kamu." Ya shafa murfin. "Ramin nan shi kaɗai mahaifina ya bar mini."

"To, ka ƙona ta da akwatin."

"Da hannuna?"

Kwandasta ya ɗaga murya, saura mutum ɗaya. Gardin ya miƙe, ya ɗora akwatin a ka, ya nufi motar.