Tsagar Wani Gida, Kamannin Wani

Salamu alaikum mai karanta wasiƙunmu, Allah shi ƙara lafiya.

Shekarar da Nasara suka shigo Sakkwato, mijin innata ya bi masu hijira gabas, bai dawo ba. Bayan shekara uku ta haife ni. Alƙali ya ce kwantaccen ciki ne, ni ɗan mai hijira ne, wanzami ya yi min tsagar gidansu. Daga baya Buba maƙeri ya aure ta, ya rene ni, kuma kowa ya san kamarmu ɗaya.

Da Buba ya rasu, ƙannensa suka ce, "Agola ba ya gadon maƙera." Dangin mai hijira kuwa suka ce, "Koma gidan da ka ɗauko kama."

Malamai masu sauraro, na tsufa, jikokina na tambayata. Ɗan wa zan ce musu nake?

Umaru, Runjin Sambo.